Kofaton Ƙurun Kawu

Ni ba mai doki ba ne, ban kuma taɓa zama ba. Abin da na sani shi ne fatauci: in ɗauki gero da dawa in ƙetara Nijar, in komo da dabino da kanwa da abin da ya samu. A haka na yi ƙuruciyata, a haka furfura ta fara fito mini. Sai hanya ta lalace. Iyaka yau a buɗe gobe a rufe, ɓarayin daji kuma sunka ƙarasa abin da ya rage. Na komo Sabon Birni na zauna, ƙato da ni, da lafiyata, rana tsaka ina gindin dogon yaro ina murɗa rediyo. Boko ban yi mai nisa ba balle in ce za ni nemi aikin ofis. Cikin wanga zama na banza ne na gamu da ƙurun kawuna.

Kawun nan yayan uwata ne. Ƙauyensu na can gaba da Gatawa. Da garin ya watse ya taso da matarshi, wadda muke ce ma Inna, da 'yan komatsansu, da ƙurunshi, irin gajerun dawakin nan masu faɗin ƙirji, ja mai farin goshi. Da ƙafarshi ƙurun ya shigo gari, Inna na bisa, Kawu na jaye da linzami. Wani ya ba su aron gida a gefen gari. Ba a daɗe ba Kawu ya kwanta, bai tashi ba.

Ya bar ɗiya maza uku. Babban, wanda ya je Makka har muke ce mishi Alhaji, shina Isa shina sayar da hatsi. Na biyu shina Nijar. Autan shina kudu shina gadi. Gonaki suna inda ba mai iya zuwa, magada kuma ba su taru ba, sai anka ce a dakata da rabon gado. To ka san yadda muke da kayan mamaci. Kafin a raba ba mai taɓa ko allura, don kada a ce ya ci haƙƙin 'yan'uwa. Wanga abu mai kyau ne in tabarma ce ko tukunya. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa cikin kayan akwai mai rai.

Ba yunwa anka bar shi da ita ba, in faɗi gaskiya. Inna na ba shi ruwa da ci, Alhaji na aiko da dusa. Kwance shi daga turke ne ya gagara. In Alhaji ya hau, ƙanne su ce ya riƙe. In maƙwabci ya ara ya zaga da shi, ya faɗi ya karye, wa za shi biya? Na Nijar ya bugo waya ya ce kada kowa ya taɓa dokin babansu sai ya zo. Na kudu ya bugo ya faɗi haka nan. Dabba ta yi damina biyu ɗaure wuri ɗaya, tana tsaye bisa kashinta.

Ni ban san da haka ba, don in na je gaida Inna zaure nake tsayawa ko ƙofar ɗakinta. Wata safiya farkon damina ta ce in zaga baya in duba mata katangar da ruwa ya fara ci. Na zaga. Wari ne ya fara tare ni, sannan na gan shi.

Doki a wajenmu ba a yi mishi takalmi. Tafiya ce ke cinye kofato, fako da tsakuwa su ne magagarinshi. Wanga kuwa bai taka komai ba sai danshi. Kofatan gaba sun yi tsawo sun lanƙwashe sama kamar ƙahon rago, na baya sun baje sun tsattsage. Ya tura ƙafafun gaba can, ya jingina jiki baya, shina tsaye da dunduniya kamar mai tsoron ƙasa ta ƙone shi. Kwankwasonshi duk gyambo saboda yawan kwanciya. Ya dube ni, ko kunne bai motsa ba.

Na ce, “Inna, wanga fa?”

Ta ce, “Ɗana, ni mi za ni yi? Ba nawa ba ne ni kaɗai.”

“Shi dokin ya san da haka?”

Ta gyara bakin zane. Na manta da katangar. Har yau ban gyara ta ba.

Ranar kasuwa Alhaji ya zo daga Isa, ba shi kaɗai ba. Ya zo da wani dillali na mutanen nan masu loda jakuna da raunanan dawaki a manyan motoci su yi kudu da su. Kowa ya san abin da ake yi da su can. Dillalin ya zaga ƙurun, ya daki haƙarƙarinshi, ya matsa cinya. Ƙafafun ko kallonsu bai yi ba, don ba su yake saye ba. Alhaji ya ce ya yi magana da ƙannenshi, bayan kaka za su zo a raba, kuma tun da doki ba ya rabuwa uku, ga shi kuma gurgu, mota za shi shiga.

Na ce, “Ba gurgu ba ne. Ku kunka gurgunta shi.”

Alhaji taubashina ne, tun muna yara ba mu magana sai da tsiya. Ya yi dariya ya ce, “Ɗan mace, mi ya kai ka cikin gadon gidan maza? Ko igiyar ba ka da ita.”

Nan ya ba ni abin da nake nema bai sani ba. Na ce, “To, tun da ba ni da ko igiya, ni kaɗai ka iya kwance shi ba a ce na ci gado ba. Ku bar min shi zuwa kaka. In ya taka da ƙafa tai, ba shi shiga motar wanga mutum. In bai taka ba, da hannuna za ni tura shi ciki.”

Ya dubi dillali, dillali ya ɗaga kafaɗa. Anka kira maƙwabta biyu sunka shaida cewa riƙo ne ba kyauta ba, ba saye ba, kuma in ya mutu a hannuna ba a bi na komai. Alhaji ya ce, “Je ka yi ta yi. Dama ba ka da aiki.” Wagga magana ta fi komai ƙona mini rai, don gaskiya ce.

Na fara da kwashe taki. Sai da na yi kwanaki ina haƙa da shebur kafin in ga ƙasar Allah. Na ɗebo yashi daga gulbi na zuba. Na je wajen maƙerin unguwarmu na ari zarto da magagari. Ya ce mi za ni yi da su, na faɗa mishi, ya ce, “Kawo shi mu kada shi, gizago ɗaya ɗaya mu gama kafin azahar.” Na ce a'a. A kasuwannin ƙetare na sha tsayawa ina kallon Buzaye suna gyaran ƙafar jakunansu, kuma na riƙe abu ɗaya: in kofato ya daɗe shina tsawo, naman cikinshi ma shina biyo shi gaba. Inda kake zaton matacce ne, akwai jini. Sai ka ci kaɗan ka bari naman ya ja baya, sannan ka ƙara. Iyakar ilmina ke nan, ban da wani.

Faɗar abin ya fi yinshi sauƙi. Dabbar da tsayuwa da ƙafa huɗu ke ba wuya, ta yaya za ta ba ka ɗaya? In na kama ƙafar sai ya saki nauyinshi duka a bayana. Ya cije ni a kafaɗa, shatin na nan. Ya watsa mini taki a fuska da bindi. Daga baya na gane sai in jira ya kwanta don kanshi, in zauna a ƙasa in ɗora ƙafar bisa cinyata. Kafin nan in cusa kofatan cikin laka su jiƙa, in ba haka ba zarto tsalle yake yi kamar a kan ƙarfe. Na yanke ƙarshen da ya lanƙwashe, wanda na tabbata ba rai. Sauran kuwa magagari ne, kaɗan kaɗan, Juma'a zuwa Juma'a. Ƙarƙashin kofaton ya ruɓe ya yi baƙi, in na ƙwaƙule da tsinke warin har cikin maƙogwaro. Uwar yarana ta hana ni shiga ɗaki sai na yi wanka a waje, ta ce mutane sun tafi fatauci sun kawo atamfa, ni na kawo ɗoyi.

Ga kuma Inna. Na lura duk sanda ya ci dawa da yawa kofatan kan yi zafi, ya ƙi tashi. Na ce ta daina, harawa da ciyawa sun isa. Ta ce to. Washegari in tarar da tsabar dawa cikin yashi.

“Inna, kashe shi kike yi.”

“Malam bai taɓa barin shi ya kwana ba tsaba ba. In na hana shi, ji nike kamar Malam na kallona.”

Kawu take nufi. Mi za ka ce ma tsohuwa mai takaba a zuci? Na ɗauke kwanon na ɓoye. Ta koma kai mishi a bakin zane. A haka munka yi ta ɓoyon juna kamar yara, har na ce to, tafin hannu ɗaya, ba ƙari. Ta ce tafin wa? Na ce nata, don ya fi ƙanƙanta.

Da damina ta yi tsaka ya fara canzawa. Gyambon ya kame. Ya fara sauke ƙafar gaba daidai in ya miƙe. In ya ji muryata a zaure sai ya yi wani ɗan gunji can ƙasa. Kofatan dai har lokacin dogaye ne, wanda bai san farkonsu ba cewa zai yi ba a yi komai ba.

Sai anka yi rasuwa a Unguwar Lalle, wajen dangin ubana. Na je da niyyar in kwana in komo, ruwa ya cika hanya, ga kuma jita-jitar an ga mutanen daji, direbobi sunka ƙi fita. Na yi 'yan kwanaki can.

Da na komo, tun daga zaure ban ji gunjin ba. Inna na zaune ƙofar ɗaki, ta ƙi kallona. Na zaga baya. Shina kwance, wuya a miƙe, yashin da ke gabanshi ya yi baƙi da busasshen jini. Ƙafar gaba ta hagu an sare ta gajera, tsaf, kamar ta dokin da ke cikin hoto. Ƙasanta kuma an ɗora ƙarfe mai wuta don jinin ya tsaya.

Alhaji ne. Ya zo bayan tafiyata, ya duba, ya ce wata nawa ana shafa ba a ga komai ba. Ya kira maƙerin da na ari zarto wajenshi, sunka tara ƙarti sunka danne dabbar. Sara ɗaya jini ya tsinke. Da sunka ga haka sunka tsorata sunka bar sauran ukun. Allah ne ya taimaki ƙurun da tsoron nasu.

Na je maƙera na tsaya. Maƙerin ya ce, “Ni sa ni anka yi. Mai abu ya ce a sare.”

Na ce, “In ya ce ka sare mishi nashi farcen har tsoka, sarewa za ka yi?”

Ya ci gaba da zuga wuta.

Alhaji kuwa waya na buga mishi, na faɗa mishi maganganun da ba za ni rubuta su nan ba. Ya bari na gama, ya ce, “Kai ka tsaya kana lallaɓa shi kamar amarya. Ni taimakonka na yi, kaka ta kusa.”

“Taimako? Ka mai da ni baya wata uku!”

“To ai yarjejeniya na nan, ɗan mace. In bai taka ba ka san inda mota take.”

Ya kashe waya. Abin da ya fi ci mini rai, ba mugunta ya yi ba. Da mugu ne da na san yadda za ni yi da shi. Shi a ranshi gyara ya yi. Shekara biyu sun kasa taɓa dabba don tsoron Allah, ranar da sunka taɓa kuma sunka yi mata haka.

Na jiƙa bagaruwa da gishiri ina wanke ƙafar safe da yamma. Na narka man kaɗe ina zubawa, in naɗe da tsumma, in yanko tsohuwar robar cikin tayar mota in ɗaura mishi kamar takalmi don kada ƙasa ta shiga. Ya ƙi tashi. Sai na nemi mutane mu juya shi daga wanga gefe zuwa wancan don kada gyambon ya dawo, kuma mutane sun gaji da ni, in sun hango ni tafe sai kowa ya tuna shina da uzuri. Ƙafar ta yi ruwa. Ya daina cin harawa. Wata rana da la'asar ina zaune gefenshi, ƙudaje sun rufe mu, na ce a raina wahalar nan da nake ba shi ta fi ta motar. Na tashi da niyyar in je in nemo dillalin da kaina.

Na kai zaure Inna ta ce, “Ina za ka?”

Na ce, “Kasuwa.”

Ta ce, “Yau ba ta ci.” Ta miƙo mini tafin hannunta cike da dawa ta ce, “Kai mishi. Ni in na je kuka nike.”

Na koma na kai mishi. Ya shinshina, ya daɗe, sannan ya lashe. Ban je ko'ina ba.

Bayan wasu kwanaki na tarar da shi tsaye. Ƙafa uku da rabi, jiki na rawa, amma tsaye. Ban yi murna ba, don na riga na koyi kada in yi. Na ci gaba da magagari a sauran ukun. Ita ta huɗun babu abin yi sai jira sabon kofato ya sauko daga sama, kuma kofato ba ya jin ana sauri.

Da gero ya fara nuna na fara fita da shi. Akwai wani fako bayan gari, ba nisa, don nisa yanzu ba namu ba ne. Nan nake zagayawa da shi, ni gaba shi baya, da takalmin robarshi shina ɗingishi. Masu wucewa kan tsaya. Wani ya ce, “Direba, yau ina anka nufa, Maraɗi?” Wani ya ce a ba ni lambar mota in liƙa mishi a bindi. Ni da na san kasuwannin ƙasa biyu, ga ni ina kewaya fili ɗaya kamar jakin da ya ɓata. Kunnena na wajen ƙarar kofato bisa tsakuwa, ina jin wacce ke sauka daidai, wacce ke jinkiri.

Anka yi girbi, wanda ya samu yi. Na Nijar ya zo, na kudu ya zo, anka kira malamin da zai raba. Dillalin ma ya zo, ba wanda ya ce kada ya zo. Anka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida. Da anka zo kan dabba, Alhaji ya ce, “Ɗan mace, fito da gurgun naka.”

Na cire mishi robar, na kwance shi, na jawo shi ta zaure. Ya fito ya tsaya cikin rana, gashinshi ya kwanta shina sheƙi. Na ja shi munka bi layin har ƙarshe munka juyo. Akwai ɗingishi a hagun, wanda ya sani shi zai gani. Da munka iso wajen tabarmi ya yi haniniya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. Dillalin ya miƙe ya kakkaɓe riga ya yi sallama.

Ni abin da na sa a raina, Inna za a bar ma shi cikin rabonta. Ta ma faɗa, da ƙaramar murya, daga bayan ƙofa. Amma dokin da ba mai so jiya, yau kowa na so. Na Nijar ya ce can ya fi wurin kiwo. Na kudu ya ce a yi mishi kuɗi mai kyau tukuna. Alhaji ya ce dokin uba babban ɗa ka riƙe shi, kowa ya sani, a cire daga rabonshi na gona. Malamin ya ce in sun yarda shi ba shi da ta cewa. Sunka yarda. Anka ba Inna nata cikin wasu kaya. Ni ba a tambaye ni ba, kuma daidai ne, ba ni da ko igiya. Na kudu ne kaɗai ya ce mini sannu da ƙoƙari, shi ma shina duban waya.

Washegari anka loda shi a ƙaramar motar kaya zuwa Isa. Ni na tura shi ciki da hannuna, don ya ƙi hawa sai da ni.

Na ce na gama. Na mayar ma maƙeri da zartonshi. Magagarin ne na riƙe, na ce ladan jinin da ya zubar ne.

Da rani ya yi nisa Inna ta fara damuna. Kullum in na je gaisuwa sai ta ce ko na ji labarinshi. Don in huta na shiga mota ranar kasuwar Isa. Tun daga nesa na hango shi ƙofar gidan Alhaji. An kafa mishi sabon turke, an yi rumfa, an zuba yashi mai laushi kamar na ɗakin amarya, ga ragama mai ado, ga kwano cike da dawa. Ya yi ƙiba. Alhaji na zaune da baƙi shina nuna musu dokin babanshi. Na duƙa na ɗaga ƙafar gaba. Kofaton ya fara tsawo, bakin ya fara neman sama.

Na ce, “Yaushe rabon da a kwance shi?”

Alhaji ya ce, “A kai shi ina? Ka ga hanyar hawan doki yanzu? Kuma mi ya rasa?”

Na zare kwanon dawar na tura gefe da ƙafa. Na ciro magagari daga aljihun riga, ni kaina ban san dalilin da ya sa na taho da shi ba. Na zauna a ƙasa. Ƙurun ya sunkuyo ya shinshina kafaɗata, daidai inda ya taɓa cizo, sannan ya ɗaga mini ƙafar da kanshi.

Tun daga ranar, in hanya ta yi lafiya, ranar kasuwar Isa ina cikin mota, kuɗin motar kuma daga aljihuna. In na iso Alhaji kan ce ma mutanenshi, “Ga ɗan mace ya zo yi ma dokina aski.” Su yi dariya. In goge kofatan, in kwance shi, in ja shi zuwa wani fako da na samu bayan makarantar firamare, mu yi ta zagaye har rana ta karkata. In komo in ɗaure shi a turken da ba nawa ba, in yi sauri kada motar ƙarshe ta tashi ta bar ni, don Inna na can zaure tana jira in faɗa mata yadda hagun take.